Ranar da na feɗe saniya a jikin bango

Shekarun baya autata ta gama sakandare, ta ce ita zane za ta karanta a jami'a. Na ce ba da yawuna ba. Ni mahauci ne, a wani shagon nama da ke titin Gate City Boulevard, nan ƙasar Turawa, nake aiki. Bokona a aji biyu ya tsaya, shi ma malamin ne ya fara gajiya. Amma dai na san ba a cin zane.

Ta ce, "Baba, raka ni wuri ɗaya. In ka fito kana kan bakanka, na haƙura."

Muka sha doguwar tafiya a mota zuwa wani gida da aka keɓe wa zane-zanen wani Bature shi kaɗai. Tun a ƙofa na fara murna, don na samu hujja: ga tsani yana fitowa daga kunnen wata mata, ga kifaye an shanya a igiya kamar wanki. Na ce, "Auta, bawan Allahn nan da zazzaɓi ya kwana."

Sai muka iso kan zanen wata saniya tana shawagi a sama, gefenta a buɗe. Na gyara tsayuwa zan yi dariya, idona ya hau ƙirga haƙarƙari. Sha uku cif. Na duba kafaɗa, na duba gaɓar gwiwa, daidai inda wuƙa ke wucewa ba ta taɓa ƙashi ba. Na ce, "Kai! Mutumin nan ya shiga kwata."

Ban san na ɗaga murya ba. Da guntun Turancina na kanti na hau nuna yadda za a feɗe ta: nan ake farawa, nan ake sauke cinya. Ina juyowa na ga Turawa sun kewaye ni, wata tsohuwa har tana tambayar ina ya fi daɗi a miya. Mai gadi ya zo ya roƙe ni in ja yatsana baya kaɗan. Auta ta rufe fuska tana cewa, "Baba, don girman Allah!"

Muka shiga mota muka kama hanyar gida. Can na ce, "Je ki karanta. Amma duk Asabar ki zo shago, ki ga yadda Allah ya haɗa dabba kafin ki sa ta tashi sama."

Ta riƙa zuwa kuwa, har ta gama. Abin da na gane shi ne, wanda ya san saniya haka, in ya ɗora ta a sama da gangan ya yi. Har yau rabin abin da take zanawa ya fi ƙarfin kaina. Amma in ta kawo, gaɓoɓin nake fara dubawa, kuma sau biyu kacal na taɓa kama ta da kuskure.