Farin Inabin Da Aka Zaɓa Wa Kifi

Ranar Alhamis ce, ƙarfe uku na yamma, mu uku a kicin: ni, Baturen da ke da gidan abincin, da Baba, abokin aikina kuma dattijon cocinmu na unguwar Tremont, wanda ya koya mini ɗanɗana ruwan inabi. Kullum yakan ce, "Faɗi abin da hancinka ya ji."

Muna zaɓen farin ruwan inabin da zai dace da gasasshen kifi. Na shinshina, na ji warin jiƙaƙƙen kwali, na ce ya lalace. Baba ya shinshina, hancinsa ya motsa. Sai ya dubi Baturen, ya ce, "Ba shi da aibi, yallaɓai."

Yau shekara guda da rasuwar Baba. Ubangiji ya ji ƙansa, ya koya mini gafara. A makon da muka zaɓi ruwan inabin nan aka sallame ni daga aiki, Baba kuwa ya riƙe aikinsa.