Shirun Kawu Ba Netwok Ba Ne

Assalamu alaikum Edita. Na daɗe ina fara rubuta wannan ina ajiyewa. Ba zan ambaci sunan kowa ba, domin wanda labarin ya fi shafa yana kabari, kuma shi mutum ne da ba ya son a yi maganarsa a bainar jama'a.

A lokacin da abin ya faru ni tafinta ne a wata ƙungiyar agaji a Jimeta. Karatuna bai yi nisa ba, amma Allah ya ba ni harshe uku: Hausa ta wajen mahaifina, Fulatanci ta wajen mahaifiyata 'yar Yola Gari, sai Turancin makaranta. Na sami aikin ne a shekarun da mutane suka yi ta kwararowa Yola suna gudun masu tayar da ƙayar baya. Nakan zauna tsakanin mai kuka da mai sauraro in mayar da magana. Ina alfahari a lokacin cewa ina jin har abin da mutum bai faɗa ba.

Cikin waɗanda suka gudo akwai Kawuna, yayan mahaifiyata, tela ne a Mubi. Ya iso tsohon gidanmu na Yola Gari tare da matarsa, wadda duk muke kira Dada, ƙafafunsu a kumbure. Ɗansu guda ɗaya, wanda sa'ana ne, ba ya tare da su. Kowa ya matsu ya tambaya, amma Kawu ya zauna a kan tabarma ya soma gaisuwa kamar wanda ya zo yawon salla. Ya tambayi lafiyar gida, da yara, da aiki, da zafin gari. Ya sha ruwa. Sannan ya yi shiru yana kallon tabarma. Na buɗe baki zan yi magana, mahaifiyata ta riƙe mini hannu ta matse. Muka jira. Can sai ya ce yaron ya koma ya kulle shago, ya ce su yi gaba zai tarar da su a hanya. Har yau bai tarar da su ba. Daga baya mahaifiyata ta ce mini haka yayanta yake tun suna yara: magana mai nauyi ba ta fitowa sai ya gama gaisuwa ya yi shiru, kuma idan aka katse masa shirun, ya haɗiye ta ke nan.

Bayan rasuwar mahaifiyata, ni na zama mai kula da shi. Yana da ciwon suga, kuma likita ya ce tafin ƙafarsa ya daina jin zafi, don haka a riƙa dubawa. Duk Juma'a bayan masallaci nakan hau babur in tafi Yola Gari, in sa shi ya miƙe ƙafa in duba. Ba ya son haka. Yakan ce wa Dada ga Baturen Jimeta ya zo duba kofaton shanu, ta kawo masa kujera kada wandonsa ya yi datti. Idan na je da matata sai su yi ta tsokanar juna. Ita takan ce Hausar Kawu ba ta san mace ba, kowa namiji ne a wurinsa. Shi kuma ya ce in gaya wa matata ya yi haƙuri, shi ma bai iya Fulatanci ba ai, wai ita yake nufi.

Sai korona ta zo, aka sa dokar kulle. Aka ce mu yi aiki daga gida, aka ba ni kwamfuta. Na kwashe kayan yara daga ƙaramin ɗakinmu na mayar da shi ofis. Tun safe nakan sa iyafis a kunne in rufe ƙofa. Taron kwamfuta yana da nasa ladabin, kuma na koye shi da sauri. Ba a doguwar gaisuwa, saboda lokaci da data. Shugabar sashenmu ta roƙe ni cikin mutunci in riƙa taƙaitawa, don haka idan wani dattijo daga sansanin 'yan gudun hijira ya yi gaisuwarsa mai tsawo a waya, sai in ce wa abokan aikina kawai yana gaishe su. Idan ba kai ke magana ba, ka kashe makirfo. Idan kuwa mutum ya yi shiru, to netwok ne ya ɗauke. Za ka tambaya ko ana jin ka, in ba a amsa ba ka kashe ka sake shiga. A kullum muna yin haka ba adadi, har ya zama hannuna ne ke yi, ba ni ba.

Abin ya bi ni har tsakar gida. Matata tana madafa, ni ina ɗaki, bango ɗaya ne tsakaninmu, amma sai ta turo mini saƙo cewa abinci ya sauka, ni kuma in tura mata hoton babban yatsa. Ta laƙaba mini suna Alhaji Kuna-ji-na. Ta ce wata rana za ta zuba wa yatsan nan tuwo ya ci, tunda shi ne mijinta yanzu. Muka yi dariya. Ban ga wani abin damuwa a ciki ba.

Zuwa Yola Gari ya tsaya. An hana zirga-zirga, an kuma ce kada a riƙa kai wa tsofaffi ziyara don kada a kai musu cutar. Na ji daɗin wannan hujja, domin ta sa na ga kamar rashin zuwana ma kulawa ce. Kawu ba ya karanta saƙo, ƙaramar waya ce gare shi mai maɓallai, don haka sai ya riƙa kira na da safe, daidai lokacin da muke shirin fara taro. Nakan cire iyafis ɗaya in kara wayar a kunne, idona a kan kwamfuta. Zai tambayi gida in ce jam, wato lafiya. Yara, jam. Aiki, jam. Zafi, jam. Sai ya yi shiru. Ni kuwa sai in ce Kawu kana ji na, in maimaita, in duba fuskar wayar, in ce netwok ne, in kashe da niyyar zan kira shi anjima. Wani lokaci ina kira da yamma, amma ni ke jan maganar kamar yadda muke yi a taro. Akwai magani? Akwai abinci? Ya ce alhamdu lillahi, in ce to sai da safe.

Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba sai yanzu. A cikin shirun nan ina jin carar zakaran gidan. Wata rana ma na ji Dada tana daka. Layin da ya yanke ba ya kawo carar zakara. Kunnena ya ji, amma hankalina yana wurin mutanen da ke jira na a kwamfuta.

Haka muka yi ta yi har azumi ya kama. Wata safiya na bar wayar a tsakar gida na shiga taro. Kawu ya kira, matata ta ɗauka. Tana wankin kayan yara, hannunta duk kumfa, sai ta maƙale wayar a kafaɗa. Suka gaisa, ta tsokane shi, ya rama. Da ya yi shiru ba ta da hannun kashewa, sai ta ci gaba da cuɗa kaya tana jira. Daga baya ta ce mini shirun ya yi tsawo har ta ɗauraye riga. Sannan ya ce mata idan Bature ya sami sarari, ba gaggawa, ta gaya masa ƙafar nan ta ɗan dame shi.

Matata ba ta turo saƙo ba. Ta buɗe ƙofar ɗakin, ta zare mini iyafis daga kunne ana tsakiyar taro, ta ce in tashi, mutumin da bai ce komai ya dame shi ba ranar da ya rasa ɗansa yau ya ce ƙafa ta dame shi. Na ɗauki katin aikina na hau babur. A shingen hanya na nuna katin aka bar ni na wuce. A nan na gane cewa ko da can ma da na so zuwa da na zo.

Tun daga bakin ɗakin wari ya tare ni. Kawu yana zaune ya sa safa a wannan zafin na Yola, ya rufe ƙafar da bakin rigarsa. Ya soma gaishe ni, ni kuwa na durƙusa na cire safar. Ba zan kwatanta abin da na gani ba. Dada ce ta ba ni labari tana kallon ƙasa. Tun farkon kulle ya fita alwalar azahar ba takalmi, ya taka simintin tsakar gida da rana ta gasa, bai ji komai ba. Tafin ya tashi, ya fashe, ya zama gyambo. Ta yi ta wankewa da ruwan gishiri. Ya hana ta gaya wa mutanen gidan, ya ce tun da suka zo daga Mubi ake ɗawainiya da su, ya isa haka. Yana kuma tsoron asibiti, saboda ana ta raɗe-raɗin cewa duk wanda ya je za a tsare shi a ce korona ce. Ni kaɗai ya yarda ya gaya wa. Ta ce kullum da safe yakan ce yau zai faɗa wa ɗan ƙanwarsa. Idan ya sauke wayar ta tambaye shi, sai ya ce netwok ɗin Jimeta ba shi da kyau.

Muka kai shi asibiti. Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu, amma suka ce ciwon ya riga ya shiga jini, ko an yanke ƙafar ba tabbas. Ɗaya daga cikinsu ya tambaye ni a hankali ko ba wanda yake duba ƙafar dattijon nan.

Washegari da hantsi ya ɗan farfaɗo, ina zaune a gefen gadonsa. Ya gaishe ni gaisuwa cikakkiya, bai tsallake komai ba, har babur ɗina ya tambaya. Sannan ya yi shiru. A wannan karon na jira. Da ya buɗe baki, sai ya ce idan Allah ya sa yaron nan ya dawo wata rana, in gaya masa ba su yi fushi da ya koma kulle shago ba, kuma in riƙe Dada. Na ce Kawu ka yafe mini, ni nake kashe wayar, ba netwok ba ne. Ya ɗan yi murmushi ya ce ai ya sani, yakan ji ƙarar fankar ɗakina har lokacin da zan kashe. Ya ce mai aiki ba ya laifi, kuma Bature da gaggawa aka san shi. Sai ya tambaye ni ko ƙaramar 'yata ta fara tafiya.

Ya rasu kafin salla. Mutane kaɗan ne suka raka shi saboda dokar. Mutumin da ya tsira daga bindiga, ya taka daji da ƙafarsa har ya iso wurinmu, ya tafi a dalilin simintin tsakar gida da ɗan ƙanwar da ya kasa jira. Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, malamai sun gaya mini, na kuma yarda. Amma wannan bai hana ni sanin abin da yatsana ya yi ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda ni da shi muka jingina laifin ga netwok: ni don in kare kaina, shi don ya rufa mini asiri a wurin matarsa.

An daɗe da buɗe gari, amma har yanzu rabin aikinmu a kwamfuta muke yi, kuma na ga halin nan ya zauna wa mutane da yawa. Muna amsa gaisuwa da hoton yatsa. Muna tambayar iyayenmu abin da suke bukata kai tsaye, su ce ba komai, mu ce mun sauke nauyi. Ina roƙon duk mai karanta wannan, musamman wanda yake da tsoho a gida, ya sani cewa manyanmu ba sa fara magana da abin da ya kawo su. Gaisuwar da muke gani ɓata lokaci ce, ita ce hanyar da suke bi su iso ga maganar. Idan suka yi shiru, ka saurara da kyau. In kana jin kaji, ko rediyo, ko numfashi, to layin bai yanke ba. Taron ofis za a sake yin wani gobe. In kuwa da hali, ka tashi ka je ka gani da idonka, domin waya ba ta nuna abin da ke cikin safa.

Dada tana nan a Yola Gari, ta ƙi dawowa wurinmu, ta ce idan yaron ya zo can zai fara nema. Wayar Kawu tana hannunta, kuma ita ma da safe take kira. Nakan rufe kwamfutar in fita tsakar gida. Mu gaisa har ƙarshe, sannan ta yi shiru. Yawanci bayan shirun ba ta cewa komai sai dai ta ce da ma gaisuwa ce, a gaida yara. Duk da haka ina jira. Ban sake kashe waya kafin ita ba.

Allah ya jiƙan Kawu, ya sa haƙurinsa ya bi shi. Ku sa shi a addu'a.