Kebul ɗin da ya tsallaka katangar Goggo

Mun tashi da asuba daga Gombe, mu shida a ƙaramar mota, ni da wani mai buhun albasa a kujerar gaba. Kafin Kaltungo ƙafata ta hagu ta daina jin magana. Shingayen sojoji sun ragu, ba kamar shekarun baya ba, amma har yau direba na rage rediyo da zarar ya hango buhunan yashi. A Numan muka tsaya na sayi soyayyen kifi, kuɗinsa ya kusa ninka na bara, shi kuma kifin ya rame.

Goggona ce ta kira ni, yayar mahaifina da ke Wuro Hausa a cikin Yola. Ta ce abin da na haɗa musu bara yana wasa, kuma Malama ta daina shigowa gaisuwa. Malama malamar firamare ce, Kirista daga wajen Michika. Shekarar da aka yi gudun Boko Haram ta iso da 'ya'yanta biyu, Goggo ta ba ta sashen bayan gida, ga shi an haura shekara goma. Bara na sa wa Goggo intanet, na ja kebul ta saman katangar tsakiya zuwa wata rauta, wato na'urar rarraba intanet, a ɗakin Malama, su ma su samu.

Mun wuce Ngurore rana na dukan gonakin masara, muka shiga Jimeta da azahar. Tun da aka hana acaɓa garin ya zama na keke-napep, shi na hau zuwa Yola ina gumi kamar an watsa min ruwa. Goggo ta ce min jaɓɓaama, sannu da zuwa ke nan da Fulatanci, ta ajiye dakkere da kindirmo, ta tambayi kowa a Gombe. Zancen Malama kuwa ko kusa ba ta ɗauko ba. Haka Goggo take, abin da ya fi damunta shi ne na ƙarshen fitowa daga bakinta.

Rautarta lafiya lau na same ta, sai na zagaya baya. A ɗakin Malama na ga jakunkuna uku a ɗaure, an sauke hotunan bango. Na duba bayan rautar. Ramuka biyar ne a jere: shuɗi ɗaya an rubuta WAN, rawaya huɗu an rubuta LAN. Shuɗin shi ne na karɓar intanet daga waje, rawayan kuma na rarraba shi ga kayan cikin gida, irin su kwamfuta da talabijin. Kebul ɗin Goggo daga ramin rawaya na rautarta yake fitowa, don haka a nan shuɗin ya kamata ya shiga. Na same shi a cikin rawaya. Idan aka yi haka wayar hannu za ta nuna ta kama, amma ba abin da zai buɗe, har can gidan da kebul ɗin ya fito abin na iya rikicewa.

Na tambayi Malama wa ya taɓa. Ta ce ita ce, ranar da aka yi ruwa da tsawa sati uku da suka wuce ta cire komai, da gari ya lafa ta mayar. Ramukan duk girmansu ɗaya, ta ga ya shiga ya yi ƙas, shi ke nan.

"Na ɗauka Goggo ne ya yanke," in ji ta. "Ka san mutanen nan ba ya cewa ka tashi. Sai dai ka gane da kanka."

Har ta samu ɗaki a Jimeta, ƙarshen wata za ta koma. Na zare kebul na mayar shuɗin rami, fitila ta koma kore, saƙonnin sati uku suka fara shigowa wayarta a jere. Aikin bai kai minti ɗaya ba, kuma gaskiya na ji haushin tafiyar awa shida a kansa.

Na koma na gaya wa Goggo. Sai ta ɗauki mayafi ta zagaya da kanta, abin da aka ce min ta yi shekaru ba ta yi ba saboda ciwon gwiwa. Ta tsaya bakin ƙofa tana kallon jakunkunan.

"Shekara goma muna tare, sai igiya ce za ta ce miki ki tashi? Ni ba ni da baki?"

Malama ta durƙusa ta fara kwance jakar farko, ba ta ɗago kai ba.

Washegari na kamo hanya, na iso Gombe da la'asar. Abin da na koyo kaɗan ne: kebul ɗin da ya zo daga waje shuɗin rami yake shiga, kuma duk wanda na haɗa wa na'ura daga yau sai na nuna masa haka kafin na tafi. Bara ban nuna wa Malama ba, sauri nake na kama mota, kuma da na iso wannan karon saura kwana tara ta bar gidan.