Mai Gadin Tsohuwar Taya

Ana kwashe shara a bakin kogin Ngadda, kowa da buhu da shebur. Ita kuwa wata dattijuwa ta zo da sabuwar lafaya da lema, ko leda ɗaya ba ta tsinta. Tana tsaye gaban wata tsohuwar taya, inda agwagwar ruwa ke kwance kan ƙwai. Rabon a ga irinta tun kafin baƙin mai ya ɓata ruwan.

"Hajja, taya ma shara ce," in ji wani saurayi, yana miƙa hannu.

"Ɗana, da babarka ke jegonka, wa ya tashe ta?"

Ina zaton ungozoma ce. Bakin kogi ya yi fes, saura tayar. Lemar ma yanzu agwagwa ake riƙe wa.