Keken da Auta Ya Aiko

Shekara goma sha tara Inna ta yi tana sharar jiragen sama, ba ta taɓa tashi a ko ɗaya ba. Ita da mata bakwai ke shiga da zarar fasinjoji sun fita, a ba su minti arba'in su kwashe kofuna, su naɗe barguna, su ɓamɓare cingam daga ƙarƙashin kujeru. Da ganin dattin jirgi take gane nisan da ya yi. Wanda ya fi cin ƙarfinta shi ne babban nan mai sauka Talata da Asabar da hantsi, bayan awa goma sha ɗaya a sama. Kilomita dubu tara da 'yan kai. Tana ganin lambar a ƙananan talabijin na bayan kujeru. Daga garin da autanta ke aikin injiniya yake tasowa.

Ranar da mijinta, tsohon mai walda, ya faɗi a banɗaki ɓarin jikinsa ya shanye, ta kira Auta daga barandar asibiti.

"Inna, ki gane, akwai nisa," in ji shi. "Ba shiga mota ba ne."

"Ni za ka gaya wa nisa? Ni nake goge aman waɗanda suka yi tafiyar. Makon jiya wata tsohuwa ta sauko tana dogara sanda, ganin jika kawai ya kawo ta."

"Aiki ya yi mini yawa. Zan duba."

Mako uku yana dubawa. Inna ta yi aiki da safe, da yamma ta karɓi yayar Auta a gefen gadon, ta juya tsohon, ta ba shi ruwa da cokali. Duk Talata da Asabar takan tsaya a ƙofar jirgin da bokiti a hannu tana bin fuskoki da kallo, har mutum na ƙarshe ya wuce.

Bayan an sallamo su, wani mai sauke kaya ya tare ta a wurin aiki, ya ce akwai ƙaton kwali da sunanta. Keken guragu ne, a cikin wannan jirgin ya zo.

"To, keke ya san hanya," ta ce.

Kwana biyu kwalin na jingine a tsakar gida, ta hana a taɓa. Da hannu suke cicciɓar tsohon zuwa banɗaki.

"Inna, bayanki zai karye a kan fushi," in ji yayar Auta.

"Ya karye. Ubansa ɗa ya nema ko ƙarfe?"

Daga kan katifa tsohon ya yi ta kokawa da karkataccen bakinsa, da ƙyar ya fitar da kalma ɗaya: "Buɗe."

Ta sa wuƙa ta farke kwalin. Keken mai kyau ne, mara nauyi, yana shiga ƙofar banɗaki daidai, yayar ta ce Auta ne ya sa ta auna masa faɗinta a ɓoye. Jin haka ya ƙara ƙona mata rai: ashe yana da lokacin awo.

Washegari ta roƙi shugabarsu ta mayar da ita ƙananan jirage, aka mayar. Auta yana kira duk Lahadi. Ita ke riƙe wa tsohon wayar a kunne, tunda hannunsa ba ya ɗagawa, fuskarta na kallon bango. In yaron ya ce a ba shi Inna, sai ta miƙa wa yayarsa.