Tsohon da ya saɓa sanda a Wadi Nu'uman

Kun taɓa ganin tafiyar 'yan ga-ruwan Makka na da? Wallahi yau na gani a Wadi Nu'uman, wajen tsohuwar hanyar ruwan nan ta dutse da magabata suka gina. Wani tsoho ne siriri, jallabiyarsa fara fat, kafaɗarsa ta dama ta fi ta hagu sauka. Kowa na ta hoto, shi kuwa yana shafa dutsen kamar kan jariri. Sai kawai ya saɓa sandarsa a kafaɗa yana ɗan taku da sauri-sauri, gwiwa a lanƙwashe, yadda mai garwa biyu ke yi kar ruwa ya zube. Ina jin shekaru ya yi yana hawa da ruwa benayen unguwar Misfala.

'Yarsa na cewa, "Yalla Baba, halas, ya isa haka, rana ta yi."

Ya ce, "Tsaya Jawahir, su bakwai ne, shida na kawo."

Ashe abokan aikinsa yake lissafawa da yatsu, waɗanda suka zo daga ƙasar Hausa a ƙafa, kowane suna sai ya ce Allah jiƙansa. Sunan na bakwai ya ƙi zuwa masa. Ya ce dogo ne ɗan Damagaram, mai waƙa in yana hawan bene. Har suka shiga mota yatsan nan a miƙe yake.

Dan Allah ku tura wannan saƙo, ku tambayi kakanninku na unguwannin Mansur da Hindawiyya, wanda ya tuna sunan a gaya wa baban Jawahir ya ƙarasa addu'arsa.