Injin Yaya Sani da Kafet ɗin Baba

Jama'a, yau na ga abin mamaki a gidanmu!

Yaya Sani zai fara sana'ar wankin kafet a Dawakin Tofa, sai ya karɓo injina biyu don ya gwada ya zaɓi ɗaya. Muka tayar da janareta, muka shimfiɗa tsohon kafet ɗin Baba mai ruwan ƙasa. Ƙaramin injin ƙara kawai ya yi. Babban kuwa, wucewa ɗaya, sai ga kore shar har da furanni!

Baba ya dawo daga gona. "Wa ya canza min kafet?"

Inna ta ce, "Malam, haka na zo da shi gidan nan."

Baba ya daɗe yana kallo. "Sani, ɗauki babban. Amma kar ka kawo shi kusa da hulata."